Lamba ko adadi: yadda rumbun bayanai ke yanke hukunci idan rubutu ya gamu da lissafi

Kalmar lamba a bakin Bahaushe tana ɗauke da abubuwa biyu da ba su da kusanci sosai, kuma saboda sabo ba mu cika lura da hakan ba. Idan mai sayar da gero a babbar kasuwar Katsina ya ce buhu 40 aka sauke masa, arba'in ɗin nan adadi ne, ana iya ƙara masa goma, a raba shi biyu, a ce ya fi talatin yawa. Idan kuwa ya ba ka lambar wayarsa, ko ta asusunsa na banki, ko ta shagonsa, abin da ya ba ka suna ne da aka rubuta da alƙaluman lissafi, domin babu wanda zai tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa ya ce ya samu wani abu mai ma'ana. Mutum yana rarrabe waɗannan biyun ba tare da ya tsaya tunani ba. Injin da ke sarrafa rumbun bayanai, wato manhajar da ke ajiye bayanai a jadawali mai layuka da ginshiƙai tana amsa tambayoyi a kansu, ba shi da wannan basira, sai dai ƙa'idar da waɗanda suka ƙera shi suka dasa masa, kuma manyan injinan da ake aiki da su a yau ba su yi ittifaƙi a kan ƙa'ida ɗaya ba.

Na fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci ne ranar da ɗan ƙanwata, wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta, ya same ni a gida wajen Ƙofar Ƙaura da kwamfutarsa a hammata da fuska a murtuke. Ya haɗa wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar karɓar kuɗin wata-wata, kowane shago da lambarsa, kuma an kwashe watanni ana aiki da ita lafiya ƙalau. Sai ga shi rahoton ƙarshen shekara ya nuna mai shago na 12 ya biya ninki uku na abin da ake bin sa, alhali littafin ma'aji na hannu bai nuna haka ba. "Kawu," in ji shi, "na duba lissafina sau uku, babu inda na yi kuskure, injin ne yake ƙarya." Da muka buɗe jadawalin sai muka ga akwai shago 12, akwai 12A, akwai 12B, domin an taɓa raba wani babban shago aka ba kowane ɓangare harafi. Ginshiƙin lambar shago an ajiye shi a matsayin rubutu, wanda daidai ne, amma manhajarsa idan ta ga abin da aka shigar alƙaluma ne zalla sai ta tura shi ga rumbun a matsayin adadi. Injin bai yi ƙarya ba. An tambaye shi wane shago ne daidai da adadin 12, ya amsa bisa ƙa'idarsa cewa duka ukun ne.

Kafin a gane dalilin wannan amsa, sai an san cewa a cikin na'ura rubutun '12' da adadin 12 ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Adadin 12 ana ajiye shi da lissafin sifiri da ɗaya, wato 1100, a cikin gurbi mai ƙayyadadden girma. Rubutun '12' kuwa alamomi biyu ne a jere, kowace da lambar da tsarin ASCII ya ba ta tun shekarun 1960, alamar ɗaya tana da 49, alamar biyu tana da 50, kamar yadda babban harafin A yake da 65. Saboda haka hanyar gwada su ma ta bambanta. Adadi biyu ana auna girmansu ne, rubutu biyu kuwa ana bin su alama bayan alama daga hagu, kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus, kuma wurin da suka fara saɓawa shi ne ke yanke hukunci. Wannan ne ya sa a tsarin rubutu '9' ya fi '10' girma, '100' kuma yana zuwa kafin '20', domin alamar farko kaɗai ta isa a rufe magana. Duk malamin da ya taɓa ganin jerin sakamakon jarrabawa inda mai maki 9 ya hau saman mai maki 85 ya riga ya ga wannan ƙa'ida tana aiki, ko da bai san daga ina ta fito ba.

To idan ɓangare ɗaya na tambaya rubutu ne, ɗayan kuma adadi, injin yana da mafita uku kacal: ko ya mayar da rubutun adadi, ko ya mayar da adadin rubutu, ko ya ƙi amsawa. Ƙa'idar SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, wadda hukumar ANSI ta Amurka ta fara fitarwa a 1986 kuma hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da ita a 1987, ta karkata ga ta ukun, domin ta shardanta cewa abubuwan da za a gwada su kasance masu nau'in da ke gwaduwa da juna, kuma bugun 1992 ya zo da umarnin CAST domin mai tambaya ya faɗa da bakinsa wane nau'i yake nufi. Sai dai kamfanonin da ke sayar da injinan sun riga ƙa'idar shiga kasuwa, ko kuma sun zo daga baya suna neman jawo masu koyo, kowa ya zaɓi abin da ya ga zai sauƙaƙa wa abokan cinikinsa, kuma da zarar dubban manhajoji sun dogara da wata ɗabi'a, sauya ta ya zama jidali.

Misali ɗaya zai isa a ga girman saɓanin. Lambar asusun banki a Nijeriya, bisa tsarin NUBAN na Babban Banki, alƙaluma goma ce, kuma da yawa suna farawa da sifiri. A ce an ajiye '0012345678' a ginshiƙin rubutu mai suna asusu, sai wani ya rubuta tambaya ya ce WHERE asusu = 0012345678, ya manta bai sa alamar zance a gefe da gefen lambar ba. Tun kafin a kai ga gwaji, sifirai biyun farko sun riga sun zube, domin a wajen adadi sifirin gaba ba shi da daraja, abin da injin ya karɓa shi ne miliyan goma sha biyu da 'yan kai, wato 12345678.

Injin PostgreSQL, wanda ya samo asali daga aikin da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili tun 1986, zai ƙi amsawa gaba ɗaya, ya ce ba shi da ma'aunin da ke gwada rubutu da cikakken adadi, a je a fayyace nau'i. Ba haka yake ba tun asali. Kafin bugu na 8.3 da ya fito a 2008 yana mayar da adadin rubutu a ɓoye, masu kula da shi suka cire wannan sassauci da gangan saboda amsoshin ban mamaki da yake haifarwa, duk da sun san manhajoji da yawa za su tsaya cak sai an gyara su. Akwai wata dabara a cikinsa da take rikita masu koyo: idan ginshiƙin na adadi ne kuma aka rubuta '5' cikin alamar zance, tambayar tana wucewa, domin abin da ke cikin alamar zance ba ya da nau'i tukuna a wajensa, sai ya duba abokin gwajinsa ya ba shi nau'in da ya dace. In kuwa abin da ke ciki ba ya karantuwa a matsayin adadi, nan take zai tsaya da saƙon kuskure.

Oracle da SQL Server na kamfanin Microsoft sun bi hanyar mayar da rubutu adadi, kuma dukansu suna tsayawa idan suka ci karo da rubutun da ba ya mayuwa. A SQL Server akwai jerin fifiko na nau'o'in bayanai, nau'in da ke ƙasa shi ake ɗagawa zuwa na sama, kuma rubutu yana ƙasa da adadi, don haka ginshiƙin ne gaba ɗaya ake bi layi-layi ana juyawa. Idan akwai layi ɗaya da wani ma'aikaci ya rubuta 'babu' a gurbin asusu, tambayar za ta mutu da kuskure mai lamba 245, a Oracle kuwa da sanannen ORA-01722. Misalinmu yana da ƙarin tarko a SQL Server, domin adadin 12345678 ya shiga nau'in cikakken adadi mai suna int, wanda iyakarsa 2,147,483,647 ce, saboda haka duk wani asusu a jadawalin da ya fara da 3 ko sama da haka ya fi ƙarfin gurbin, sai tambayar ta faɗi a kan asusun wani mutum dabam da ba shi ake nema ba.

Abin da ya fi damuna game da waɗannan biyun shi ne kuskuren ba ya zuwa a kan lokaci. Injin ne ke zaɓar tsarin da zai bi wajen tace layuka, wane sharaɗi zai fara gwadawa, wane zai bari sai daga baya, kuma zaɓin yana sauyawa idan jadawali ya girma ko aka ƙara fihirisa, wato jerin da injin ke bi don saurin nemo layi. Tambayar da ta shekara tana aiki, saboda wani sharaɗi yana zubar da gurɓataccen layin kafin a kai ga juya shi, tana iya wayar gari ta ƙi aiki ba tare da kowa ya taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Mai kula da manhajar zai rantse bai sauya komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

SQLite, wanda Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000 kuma yake zaune a cikin kowace wayar Android da iPhone, ya ɗauki wata hanya tasa ta daban. A wajensa nau'i yana manne da ƙimar da aka ajiye ne, ginshiƙi kuwa yana da karkata kawai, wato nau'in da ya fi so. Idan aka gwada '1' da 1 kai tsaye ba tare da ginshiƙi ba, zai ce ba daidai suke ba, kuma a jerinsa kowane adadi yana ƙasa da kowane rubutu komai girman adadin. Idan ginshiƙin mai karkata ga adadi ne, zai yi ƙoƙarin mayar da rubutun adadi. Idan mai karkata ga rubutu ne, kamar a misalinmu, adadin ne zai koma rubutu, '12345678' kuma ba daidai yake da '0012345678' ba, don haka amsar ita ce babu wannan asusu, ba kuskure, ba gargaɗi. Akwai kuma wani rami da ya cinye mutane da yawa: wanda ya saba da wasu harsunan shirya manhaja yakan sanya wa ginshiƙi nau'in STRING yana nufin rubutu, amma ƙa'idar SQLite tana neman CHAR ko CLOB ko TEXT a cikin sunan nau'in, in ba ta gani ba kuma sunan bai faɗa wani rukunin ba, sai ta ba ginshiƙin karkata ga adadi. Sakamakon haka duk lambar wayar da aka zuba a ciki sifirinta na gaba yana zubewa tun wajen ajiya. Sai a bugu na 3.37 a ƙarshen 2021 aka kawo jadawali mai tsauri, wanda ake nema da kalmar STRICT.

Na bar MySQL a ƙarshe domin shi ne ya fi shafar mu. Shi da ɗan'uwansa MariaDB su ne ke ƙarƙashin manhajar gina shafukan intanet ta WordPress da mafi yawan shafukan da ake haɗawa da harshen PHP, kuma da shi ɗalibi a Katsina ko Daura ya fi fara aikinsa na kammala karatu, saboda ɗan'uwan nasa MariaDB yana zuwa kyauta a cikin XAMPP, ƙunshin manhajojin gwada shafi a kan kwamfutar mutum. Ƙa'idarsa ita ce, idan rubutu ya gamu da adadi, a mayar da su duka adadi mai ɗigon da ke shawagi, wato nau'in da ke ɗaukar ɗigon desimal kuma yake riƙe iyakantattun alƙaluma, sannan a gwada. Yadda yake mayarwar shi ne inda gizo ke saƙar. Yana karanta rubutun daga hagu, yana ɗaukar duk abin da ya yi kama da adadi, da zarar ya ci karo da abin da ba adadi ba sai ya tsaya ya watsar da sauran. Da haka '12A' ya zama 12, '12B' ma ya zama 12, abin da ya faru da shagunan ɗan ƙanwata ke nan. Lambar ɗalibi irin '2023/0451' tana zama 2023, don haka duk 'yan shekarar suna amsa suna ɗaya. Kuɗin da aka rubuta '1,500' da waƙafi yana zama naira 1. Wanda aka rubuta 'N5000' kuwa, da yake harafi ne a gaba, babu abin ɗauka, sai ya zama sifiri, haka ma 'Musa' da 'Daura' da gurbin da aka bari fayau, duk daidai suke da 0 a wannan ma'auni. Har harafin e yana da nasa sha'ani, domin '1e3' a rubutun kimiyya yana nufin ɗaya da sifiri uku, saboda haka daidai yake da 1000.

Injin yana yin gargaɗi mai lamba 1292 idan ya datse rubutu haka, amma gargaɗin ba ya hana amsa fitowa, kuma mafi yawan manhajoji ba sa waiwayarsa. Tun daga bugu na 5.7 yanayin tsauri ya zama shi ne na asali, wanda ke mayar da irin wannan gargaɗi kuskure idan umarnin na sauya bayanai ne, amma tambayar karantawa kawai tana nan tana wucewa. A ganina wannan rabin magani ne. Rahoton da aka gina a kan amsar da ba daidai ba yana iya jawo ɓarnar da ta kai ta goge layi, tunda da rahoton ake zuwa a tsare mutum a ce bai biya ba, ko a sallami wanda ake bi bashi.

Wannan ɗabi'a tana da fuskar tsaro da ya kamata duk mai haɗa shafin shiga ya sani. A ce manhaja tana tura wa mai amfani wata kalmar sirri ta wucin gadi domin sabunta shigarsa, tana ajiye ta a ginshiƙin rubutu, sannan idan ya dawo da ita ta duba ko akwai layin da ya yi daidai. Idan manhajar tana karɓar saƙo a JSON, tsarin da manhajoji ke musayar bayanai da shi, wanda ke rarrabe rubutu da adadi, kuma ba ta tilasta abin da ya shigo ya zama rubutu ba, ɓarawo yana iya turo adadin 0 tsurarsa. MySQL zai mayar da kowace kalmar sirri adadi, duk wadda ta fara da harafi ta zama sifiri, ƙofa kuma ta buɗe ba tare da an fasa komai ba. Tura ƙima ta gurbin da aka tanada, maimakon liƙa ta cikin jimlar tambaya, yana kare mutum daga ɓarawon da ke cusa nasa umarnin cikin tambayar, amma bai isa a nan ba sai an tabbatar ƙimar ta tafi a matsayin rubutu.

Sai batun ɗigo mai shawagi, wanda ya fi sauran ɓuya. Irin adadin da MySQL ke juyawa zuwa gare shi yana bin ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, mai gurbi 64, inda ainihin alƙaluman ke samun daidaito na gurbi 53 kawai. Ma'anar haka ita ce cikakkun adadi suna zama daidai ba ragi ba ƙari har zuwa 9,007,199,254,740,992, daga nan sai a fara tsallake, adadin da ba shi da gurbi a matsar da shi ga maƙwabcinsa mafi kusa. Rubutun '9007199254740993' idan aka gwada shi da adadin 9007199254740992 za su fito daidai, alhali ido yana ganin sun bambanta a alƙalamin ƙarshe. Lambar NIN da ta BVN, masu alƙaluma 11 kowace, ba su kai wannan iyaka ba, haka ma lambar waya. Amma lambar da ke jikin katin cirar kuɗi tana kai alƙaluma 16 zuwa 19, ta jikin layin waya kuma 19 ko 20, kuma irin waɗannan lambobi a jere ake buga su, suna tarayya a farko suna bambanta a ƙarshe, wato daidai wurin da ma'aunin ya makance. Mai rarraba layukan waya da ya nemi guda ɗaya zai iya samun tarin layuka, kowanne injin yana cewa shi ne.

Ko da amsar ta fito daidai, akwai farashin da ake biya da lokaci. Fihirisar rumbun bayanai tana aiki ne kamar fihirisar littafin fiƙihu: an jera abubuwa bisa tsari, don haka mai nema yana tsallakawa kai tsaye zuwa wurin da abin yake. Fihirisar ginshiƙin rubutu an jera ta bisa tsarin rubutu, inda '12345678' yake can cikin masu farawa da ɗaya, '012345678' yake cikin masu farawa da sifiri, wanda aka fara da tazara kuma yake wani wuri dabam, alhali duka ukun adadi ɗaya suke bayarwa. Babu wuri guda da injin zai tsallaka ya same su, dole ya bi jadawalin daga farko zuwa ƙarshe yana juya kowane layi. A jadawali mai layi 300 ba wanda zai lura. A mai layi miliyan biyu, tambayar da ya kamata ta dawo kafin ƙiftawar ido sai ta riƙe na'ura, mutane suna tsaye a layi a gaban kanta ana ce musu netwok ne. Idan aka juya lamarin, ginshiƙi na adadi aka gwada shi da rubutu guda, matsalar ba ta tasowa, domin ƙima ɗaya ce za a juya sau ɗaya sannan a shiga fihirisa. Wanda ke zargin haka na faruwa a manhajarsa yana iya duba tsarin da injin ya bi, da umarnin EXPLAIN a MySQL, a SQL Server kuma zai ga CONVERT_IMPLICIT a cikin tsarin, a Oracle ya ga TO_NUMBER an lulluɓe sunan ginshiƙin da shi ba da saninsa ba. Haka abin yake idan aka haɗa jadawali biyu, ɗaya ya ajiye lambar ɗalibi a matsayin rubutu, ɗayan a matsayin adadi, wanda yakan faru idan mutum biyu ne suka gina su a lokuta daban.

Wani zai ce to a huta, a mayar da duk lambobin nan adadi tun wajen ajiya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a ayyukan masu koyo da na gani. Lambar waya ta Nijeriya idan ta rasa sifirinta na gaba ta zama adadi mai alƙaluma goma da ya haura biliyan bakwai, ya fi ƙarfin gurbin int nesa ba kusa ba, kuma MySQL idan ba a yanayin tsauri yake ba sai ya datse ta zuwa iyakar gurbin, a wayi gari kowa a jadawalin lambar wayarsa 2147483647. Ko an yi amfani da babban gurbi, alamar tarawa ta +234 ba ta da wurin zama. Sau da yawa ma ɓarnar tana faruwa tun kafin bayanan su iso rumbu, domin sakatare a Excel yake tara su, shi kuwa Excel yana zubar da sifirin gaba kuma alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, abin da ya haura ya mayar da shi sifirai. Bayanan da suka bi ta wannan hanya babu tambayar da za ta dawo da abin da suka rasa.

A wajena ma'aunin mai sauƙi ne, kuma shi ne wanda muka fara da shi: abin da ake tarawa ko a raba, kamar kuɗi da maki da yawan buhuna, a ajiye shi a nau'in adadi, kuɗi kuma a nau'in DECIMAL mai ƙayyadadden ɗigo domin kobo kada ya ɓace. Abin da suna ne, ko da babu harafi ko ɗaya a cikinsa, a ajiye shi a rubutu, a sa masa sharaɗin tsawo da irin alamomin da aka yarda da su, kuma duk lokacin da za a neme shi a neme shi da rubutu. Inda dole sai an juya, a juya a fili da CAST, kuma a juya ƙimar da ake nema, a bar ginshiƙin yadda yake domin fihirisa ta yi aiki. Ga tsofaffin bayanai da suka riga suka gauraye, SQL Server yana da TRY_CAST tun bugun 2012, wanda ke mayar da gurbi fanko maimakon ya tsaya, Oracle kuma ya kawo VALIDATE_CONVERSION a bugu na 12.2, duka biyun suna da amfani wajen zaƙulo gurɓatattun layuka a gyara su. Idan aka ce in zaɓa tsakanin injinan, na fi son wanda ke ƙin amsawa, domin taurin kansa yana bayyana ne a ranar da ake rubuta manhaja, gaban wanda ya san yadda zai gyara, sassaucin sauran kuwa yana bayyana ne bayan watanni, gaban ma'aji ko akawu da bai san akwai wani abu mai suna nau'in bayanai ba. Na san masu MySQL za su ce sauƙinsa ne ya sa yara da yawa suka iya fara aiki, kuma ban musa ba.

Gyaran manhajar ɗan ƙanwata bai ɗauki minti biyar ba. Ya cire layin da ke mayar da lambar shago adadi, ya tura ta a matsayin rubutu, shago 12 ya koma shi kaɗai. Abin da ya ɗauki kwanaki shi ne bin rasit ɗin da aka riga aka buga, domin sau biyu an ce wa mai shago na 12 ba a bin sa komai alhali kuɗin maƙwabtansa ne aka lissafa masa, kuma sai da shugaban ƙungiyar ya zaunar da su ukun da littafin ma'aji a tsakiya kafin kowa ya yarda da abin da ke kansa. Da aka jera shagunan a sabon rahoto sai ga 100 ya zo kafin 12, 12B kuma kafin 2, ya sake kira na a waya yana cewa, "Kawu, wata ta sake ɓullowa." A wannan karon sai da ya raba lambar gida biyu, ginshiƙi ɗaya na adadi domin jerawa, ɗaya na harafin da ke biye, ya bar cikakkiyar lambar a rubutu domin nema da bugawa a rasit.